Shin waya ce ke juya wa yaro tunani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Gusau. Yaron wajena yana aji biyu a jami'a, kuma tun da ya dawo hutu na ga ya canza. Kowace magana yana da hukunci a kanta, siyasa ce, addini ne, matsalar tsaro ce, in an tambaye shi inda ya samo sai ya ce "ai kowa ya sani". Har ya daina zuwa gaida malamin da ya yi masa sauka, wai ya ji abin da ake faɗa a TikTok game da irin karatunsu. Mahaifinsa ya ce a karɓe wayar. Da gaske akwai dabarar da ake juya tunanin yaran nan da ita, ko mu ne muka tsufa? Kuma karɓe wayar zai yi magani?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya shirya mana su baki ɗaya. Ba tsufa ba ne. Akwai dabara, kuma ba ɓoyayya ba ce, ana koyar da ita a jami'o'i, ana ɗaukar ma'aikata a biya su albashi mai tsoka saboda ita. Sai dai ba ta aiki yadda yawancin iyaye ke zato. Mutane na ɗauka wani ne ke zaune a wani ɗaki yana ɗura wa yaro ra'ayi. Ba a cika kawo masa hujja a rinjaye shi ba. Abin da ake yi shi ne a zaɓa masa abin da zai yawaita gani, a gaggauta shi ya yanke hukunci, sannan ya faɗi hukuncin a gaban abokansa yadda janyewa zai zame masa abin kunya.

Bakin zaren yana wajen kuɗi. Ɗanki bai taɓa biyan Facebook ko TikTok ko sisi ba, kuɗin data kamfanin layi yake ba. Su manhajojin daga talla suke ci, talla kuwa gwargwadon daɗewar ido a kan waya ake sayar da ita. Don haka duk abin da aka ƙera a cikinsu manufarsa kada a ajiye wayar. A 2006 Facebook ya kawo shafin da ke jero wa mutum labarai, a 2009 ya ƙara maɓallin laik. A 2006 ɗin ne kuma wani injiniya, Aza Raskin, ya fito da salon shafi marar ƙarshe, wanda duk yadda ka ja da yatsa sai wani abu ya ɓullo, daga baya shi da kansa ya ce yana nadamar abin. Tushen dabarar ya girmi intanet. Masanin halayya B. F. Skinner ya nuna da tattabaru da ɓeraye cewa dabba ta fi nacewa kan danna abu idan ladan ba shi da tabbas, yau a samu, anjima a rasa. Bidiyo biyar na banza, na shida ya ba ka dariya, sai ka ci gaba da ja ko na gaba ma zai yi. Wannan ɓangaren lokaci yake ci, kowa kuma ya san shi.

Inda abin ya taɓa tunani shi ne zaɓen abin da za a nuna. Manhaja ba ta tambayar yaro me yake so, aikinsa take aunawa: daƙiƙa nawa ya tsaya, ya kai ƙarshe ko ya wuce, ya maimaita, ya buɗe sharhin mutane. Ko da haushi ne ya tsayar da shi, lissafin bai san haushi ba, tsayawar kawai ya gani. Kamar mai shayin da ya lura ranar da ya ƙara maka sukari ka shanye kofin tas, gobe ya ƙara kaɗan, jibi ya ƙara, har ka wayi gari shayin gidanku ya zama lami a bakinka.

Nakan sa ɗalibaina su yi musayar waya a aji, kowa ya buɗe TikTok ɗin na kusa da shi na 'yan mintoci. Za ki ga yara biyu, ɗaki ɗaya suke kwana, kwas ɗaya suke yi, tare suke dafa taliya. Wayar ɗaya cike take da raddin malamai, wannan ya faɗa, wancan ya mayar. Ta ɗayan kuwa ƙwallon Ingila ce da masu koyar da kirifto, ko malami ɗaya babu. Fuskar na farkon nake kallo. Shi a zatonsa duk Arewa ba ta da zance sai wannan rigimar, sai ga wanda ke kwana a gadon da ke saman nasa bai ma san ana yi ba.

Wannan ya kawo mu ga kalmar da kika ce yana yawan faɗa, "ai kowa ya sani". Ba ƙarya yake miki ba, haka yake ji a ransa. A 1977 wasu masu bincike uku a Amurka, Hasher da Goldstein da Toppino, sun karanta wa ɗaliban jami'a jerin maganganu, wasu gaskiya wasu ƙarya, aka tara su har sau uku da tazarar mako biyu-biyu. Maganganun da aka maimaita, ɗaliban sun riƙa ƙara gaskata su a kowane zama, ko da ƙarya ne. An sake irin gwajin ba adadi tun daga lokacin, har an ga cewa sanin gaskiyar ma ba ya kare mutum gaba ɗaya. Ƙwaƙwalwa na rikita abin da ta saba ji da abin da ta tabbatar. To yaron da ya ji magana guda daga bakin mai barkwanci da safe, ya gan ta a rubuce a Facebook da rana, aka turo masa ita a saƙon murya a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu da dare, shi shaidu uku ya ƙirga. Alhali in aka bi sawu, sau tari dukkansu daga rubutun mutum ɗaya suka kwafo.

Malaman hadisi sun daɗe da gano wannan ramin. Ba sa kiran labari mutawatiri don kawai mutane da yawa na faɗarsa yau. Sai an samu yawan a kowane hawa na isnadi tun daga tushe, yawan da ba zai yiwu su haɗa baki ba. Labarin da mutum dubu ke yaɗawa amma duk daga mutum ɗaya suka ji, ƙarfinsa ƙarfin mutumin nan ɗaya ne. Ni a ganina babu darasin aikin jarida da ya fi wannan amfani ga ɗalibinmu, kuma abin takaici yaro zai haddace shi a Islamiyya amma bai taɓa tunanin ya shafi wayarsa ba.

Sai batun tsoro da fushi, wanda a Zamfara ya fi ko'ina nauyi. A 2018 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun bi diddigin labarai kusan 126,000 da suka yaɗu a Twitter, suka ga labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu turawa da kashi 70 cikin ɗari, kuma na gaskiya kan ɗauki kusan ninki shida na lokacin kafin ya kai ga mutum 1,500. Ba na'urori ne suka fi yaɗa ƙaryar ba, mutane ne, don ƙarya ta fi zuwa da sabon abu mai firgitarwa. Kamfanonin sun san da haka. Takardun da tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya riƙa ba alamomin motsin rai, har da ta fushi, makin da ya ninka na laik sau biyar wajen zaɓen abin da zai ɗaga sama, kafin daga baya ya rage.

A wani wurin sai an ƙirƙiro abin tsoro. A nan ba a buƙata. Yaron da ya san yadda aka sace 'yan mata ɗalibai a Jangebe a Fabrairun 2021, ya kuma san an shiga gidajen kwanan ɗalibai a Sabon Gida a Satumban 2023 an kwashi 'yan uwansa ɗalibai, ba za a ce masa tsoronsa na banza ba ne. Mai son juya shi a kan wannan gaskiyar yake ɗora tasa hajar. Hari ya faru da gaske, sai a liƙa masa hoton wata ƙasa, a ninka adadin mamata, a ƙare da jimlar da ke ɗora laifin kan ƙabila guda ko jam'iyya guda. Binciken da BBC ta yi kan rikicin Filato na Yunin 2018 ya gano cewa wani bidiyo mai muni da aka yaɗa ana cewa a can ne, a Kongo Brazabil aka ɗauke shi tun 2012. Da muna cewa gani ya kori ji, yanzu ganin ma sai an tambaye shi daga ina, balle da aka fara haɗa murya da fuskar mutum da kwamfuta. Abin da ya fi damuna a nan ba kuskuren adadi ba ne. Shi ne ɗalibin da ya shekara yana cin abinci kwano ɗaya da abokinsa Bafulatani, sai ya fara rage murya in ya shigo ɗaki.

Yanzu ga abin da ya sa ɗan jami'a ya fi shiga hannu, ba don ya fi kowa wauta ba. Shekarun da yake ciki shekarun neman gungu ne. Ya bar gida karon farko, yana neman waɗanda zai ce su ne nasa, kuma ra'ayi shi ne katin shiga mafi araha. Robert Cialdini, masanin da ya tattara dabarun rinjaye a 1984, ya lissafa guda biyu da ke aiki sosai a nan: mutum na bin abin da ya ga jama'a sun bi, kuma in ya furta matsayi a fili yana ƙoƙarin kada a gan shi ya saɓa wa kansa. A zamaninmu in ka yi katoɓara a majalisa, mutum biyar ne suka ji, gobe an manta. Shi kuwa ya rubuta da sunansa da hotonsa, 'yan ajinsu sun yi masa jinjina, wani ya ce masa "ka burge ni", wani ya zage shi ya rama. Daga ranar ba ra'ayi yake karewa ba, mutuncinsa yake karewa. Duk hujjar da kika kawo masa a falo, shi yana jin ta ne kamar ana ce masa ya koma gaban mutum ɗari ya ce ya yi kuskure.

Ga kuma yarda da kai da boko ke kawowa. A Jami'ar Stanford an gwada ɗalibai da malaman tarihi da masu sana'ar tantance labarai, aka ba su shafukan intanet su faɗi wanne ne abin dogaro. Ɗalibai da yawa, har da wasu malaman, sun tsaya suna nazarin shafin kansa, kyan tsarinsa da tambarinsa da yawan manazartarsa, aka yaudare su. Masu sana'ar kuwa cikin daƙiƙoƙi suke barin shafin su je su binciko wa ke bayansa. Wato iya karatu da kyau ba ya wadatarwa, wani lokaci ma shi ke sa mutum ya daɗe cikin tarko yana jin shi gwani ne. Mu kuma a gida mun ƙara masa nauyi, shi ne ɗan jami'a, shi ake miƙa wa waya a ce duba mana ko gaskiya ne. In ya ɗauko kuskure, gida guda yake rabawa.

Duk wannan manhaja ce. Bayanta akwai mutane masu niyya. A 2018 jaridun Ingila sun bankaɗo cewa an ɗauko kamfanin Cambridge Analytica, mai amfani da bayanan mutane wajen juya ra'ayin masu zaɓe, aiki a zaɓen Najeriya na 2015, a Janairun 2023 kuma BBC ta ruwaito yadda jam'iyyu ke biyan masu tarin mabiya a ɓoye don su yaɗa labarai kan abokan hamayya. Ba sai mun je nesa ba, kowa a Gusau ya san sojojin baka, kuma ya san da yawansu ɗalibai ne da ake sallama da kuɗin data. Akwai masu yanka karatun malamai, a ciro daƙiƙa arba'in daga tafsirin awa biyu, a cire "wasu suna cewa" da ke gaba da "amma" da ke baya, a sa kanu mai zafi. Sau da yawa mai yankan ba ɗan kowane ɓangare ba ne, mabiya yake tarawa don ya sayar da shafin ko ya karɓi talla. Ina kyautata zaton irin wannan ne ya raba ɗanki da malaminsa. Masu neman aljihu su ma kayan aikinsu ke nan: hoton alat na wani da aka ce ya samu, agogo mai ƙirga cewa dama za ta rufe, da ladan kawo aboki. Haka shirin zuba kuɗi na damfara MMM ya yi kafin ya riƙe kuɗin mutane a Disambar 2016, haka irinsa CBEX a Afrilun 2025. A 2024 kin ga yadda samari suka kwashe watanni suna dangwalar waya a wasan kirifto na Hamster Kombat suna jiran ta fashe, da ta fashe a Satumba da yawa abin da suka samu bai taka kara ya karya ba.

Amma Hajiya kada mu zuzuta abin ya wuce gona da iri, don waya ba sihiri ba ce. A 2023 an wallafa wani babban bincike da aka yi a lokacin zaɓen Amurka na 2020, inda aka cire wa dubban masu Facebook da Instagram zaɓen lissafi na wata uku, aka riƙa nuna musu abubuwa bisa jerin lokacin da aka sa su. Sun rage zama a manhajar, amma ra'ayinsu na siyasa bai wani motsa ba. Abin da na fahimta daga nan shi ne manhaja ta fi iya hura wutar da ta tarar fiye da kunna sabuwa, kuma abokai da gungu sun fi lissafi ƙarfi. Sannan wani ɓangare na canjin da kika gani alheri ne. An tura shi jami'a ne don ya koyi tambaya da musu. Yaron da ya shekara biyu a can ya dawo bai taɓa saɓa wa mahaifinsa a komai ba, ni shi zan fi tausaya wa.

Yadda za ki bambance shi ne ki saurari yanayin maganar, ba abin da ta ƙunsa kawai ba. Wanda ya yi tunani da kansa zai iya faɗa miki hujjar waɗanda yake saɓa wa yadda su ma za su yarda haka suke cewa, zai kuma iya faɗin abin da in ya gani zai canza. Wanda aka ɗora wa kuwa ra'ayoyinsa a dunƙule suke zuwa, da kalmomi iri ɗaya da na wasu, da laƙabin raini ga ɗaya ɓangaren, kuma in aka matsa da tambaya ta biyu sai murya ta tashi.

Karɓe waya ban goyi baya ba, ki gaya wa Alhaji haka cikin ladabi. Mu a Zamfara mun ga gwajin da ya fi wannan girma. A Satumban 2021 an rufe sabis a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, mutane suka riƙa tafiya jihohin maƙwabta don su yi kira. Jita-jita ba ta mutu ba, tasha da majalisa ta koma, kuma a lokacin ma babu inda za ka duba ka ƙaryata. Ban da haka, rajistar kwas da sanarwar lakca da takardun karatu da kuɗin da kuke tura masa duk ta wayar suke bi. In kun karɓe, zai ari ta aboki, kuma kun tabbatar masa da abin da ake gaya masa cewa manya ba sa son a san gaskiya.

Abin da na ga yana aiki shi ne tambaya maimakon ƙaryatawa, kuma a keɓe, ba a gaban ƙannensa ko a zauren WhatsApp na dangi ba. In ya kawo zance, ki ce masa, "To wa ya fara faɗa? Nemo min na ji daga bakinsa." Ki faɗa da gaske kina son ji, ba da gatse ba. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa tuna wa mutum batun gaskiya ko ƙarya kawai, kafin ya tura labari, yana inganta irin abin da yake turawa, don yawancin masu yaɗa ƙarya ba mugunta ce ta sa su ba, hankalinsu ne ke wani wuri. Tun shekarun 1960 kuma William McGuire ya nuna cewa wanda aka nuna wa dabarar rinjaye tun kafin a gwada ta a kansa ya fi jure mata. Don haka ki ba shi muƙami a gida. Duk abin da aka turo miki mai alamar kibiya biyu, wadda WhatsApp ke sa wa saƙon da aka yi ta turawa, ki miƙa masa ki ce ya tantance miki kafin ki tura. Ya sa hoton a Google Lens ya ga inda ya fara fitowa, ya duba ko shafukan tantance labarai irin su Dubawa ko Alkalanci sun yi magana a kai. Yaron da ya kama ƙarya biyu da hannunsa a wayar mahaifiyarsa zai fara zargin tasa ba tare da kowa ya ce masa komai ba. In kun samu fahimtar juna, ya kashe sanarwar manhajojin, ya goge tarihin kallonsa a YouTube, TikTok ma na da wurin da ake sabunta zaɓen a faro daga farko.

Game da malaminsa, kada a kai shi don a yi masa shari'a. Ki roƙe shi ya nemo cikakken karatun da aka yanko guntun daga ciki ku saurara tare, daga minti goma kafin wurin zuwa minti goma bayansa. Gaisuwa kuma a raba ta da muhawara, a aike shi da saƙo ko ɗan abin hannu kamar yadda aka saba. Yana iya ci gaba da saɓa wa malamin a mas'ala, wannan tsakanin masu ilimi ba sabon abu ba ne.

Inda zan ce ku tashi tsaye shi ne in kin ga ya fara kafirta mutane ko halatta jinin wata ƙabila, ko ya yanke hulɗa da tsofaffin abokansa baki ɗaya, ko yana cikin wani zaure a Telegram da yake ɓoyewa, ko ya fara neman kuɗi da gaggawa ba bayani, ko wani da bai taɓa gani ba ya nemi lambar BVN ko NIN ɗinsa. Wannan ya wuce hirar falo. A nemi kawunsa ko wani babba da yake jin nauyi ya zauna da shi, in ya koma makaranta kuma Alhaji ya je da kansa ya ga malamin da ke kula da ajinsu ko ofishin harkokin ɗalibai.